Fitar ɗaliban Nepal karatu ƙetare: riba ce ko asara?

Auwalu Doha:
Assalamu alaikum jama'a. Akwai maganar da nake so masu ilimin cikinmu su warware min. Ƙasar Nepal, wadda ke maƙale a tsaunukan Himalaya tsakanin Indiya da Sin, mutanenta ba su cika miliyan 30 ba a ƙidayar 2021. Amma a 'yan shekarun nan, duk shekara ma'aikatar iliminsu tana ba ɗalibai sama da 100,000 takardar izinin fita karatu waje, wadda suke kira NOC. In babu ita, banki ba zai tura maka kuɗin makaranta ba. A Amurka kaɗai, a shekarar karatu ta 2023/2024 ɗalibansu sun haura 16,000, mu kuwa Najeriya da muka fi miliyan 200 namu kimanin 20,000 ne. A nan Qatar muna cuɗanya da su sosai, direbobi da masu gadi da leburorin gini. Kusan duk wanda ka zauna da shi burinsa ɗaya ne, ya tara kuɗi ya tura ɗansa Japan ko Ostireliya, kada yaron ya zo ya sha ranar da uban ke sha. To wannan fitar, ƙasar tana cin riba ne ko tana tafka asara?

Malam Ibrahim:
Wa alaikumus salam. Auwalu, kafin a yanke hukunci sai a duba abin da yaron zai baro a gida. Babbar jami'arsu, Tribhuvan, an kafa ta a 1959, kuma har yau mafi yawan ɗaliban ƙasar a ƙarƙashinta suke, ga kwalejoji wajen dubu da ke rataye a wuyanta. Kukan da ɗalibanta suka daɗe suna yi shi ne a rubuta jarrabawa a kwashe watanni ana jiran sakamako, digirin shekara huɗu ya kai biyar ko fiye. Firaminista ne uban jami'ar, saboda haka naɗin shugabanninta yakan bi rabon jam'iyyu. Ƙungiyoyin ɗalibai ma kowace da jam'iyyar da ta jingina da ita, in rai ya ɓaci sai a garƙame ofis da kwaɗo. Wanda ya ga yajin aikin ASUU na wata takwas a 2022 ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Saboda haka riba ta farko ita ce lokaci. Yaro ya san ranar shiga, ya san ranar fita. Ta biyu, ɗakin gwaji mai kayan aiki da malamin da ke bincike da gaske. Akwai jami'o'i masu tsari a cikin gida, kamar Jami'ar Kathmandu da ke Dhulikhel, wadda aka kafa a 1991, amma gurabenta kaɗan ne kuma ba kowa ke iya biyan kuɗinta ba. Ni dai a ganina, uban da ya tura ɗansa bai yi laifi ba.

Dakta Hauwa:
Allah ya gafarta Malam, bari in ƙara da misali daga fanninmu, domin mu ma'aikatan ido ba mai kawo mana zancen Nepal ba mu tuna Dakta Sanduk Ruit ba. An haife shi a Olangchung Gola, wani ƙauye can saman tsauni kusa da iyakar Tibet, inda ba makaranta ba asibiti. Ƙanwarsa ta rasu da tarin fuka, shi ne abin da ya sa ya ƙudurci zama likita. Ya yi karatun likita a Lucknow ta Indiya, ya ƙware a fannin ido a Delhi, sannan ya je Ostireliya ya yi aiki da likitan ido Farfesa Fred Hollows.

Abin da ya komo da shi gida shi ne abin dubawa. A lokacin, ɗan gilashin robar da ake saka wa mai yanar ido bayan tiyata tsadarsa ta fi ƙarfin talaka, sai an shigo da shi daga Turai ko Amurka da daloli masu yawa. A 1994 ya buɗe cibiyar Tilganga a Kathmandu, suka kafa masana'antar da ke ƙera shi a kan 'yan daloli kaɗan, har suna sayar wa ƙasashe da dama. Ya kuma gyara salon tiyatar, a yi ƙaramin yanka ba ɗinki, cikin 'yan mintuna, yadda za a iya yin ta a ajin makarantar ƙauye in an share an tsabtace. Washegari a cire bandeji, tsohuwar da ta yi shekaru ana jan ta da sanda ta ga fuskar jikanta. Mutanen da ya buɗe wa ido da hannunsa sun haura 100,000, likitocin da ya horar kuma suna Asiya da Afirka. Irin wannan tiyatar muke yi a sansanonin aikin ido na karkara. Da bai fita ba, daga ina zai samo wannan?

Injiniya Bello:
Dakta, ban musa ba, amma Ruit mutum ɗaya ne, kuma ɗan wani zamani ne. Lokacin da ya fita, masu fita 'yan kaɗan ne, da tallafin karatu suke tafiya, kuma da niyyar komowa. Ni ma zan iya ba ki irinsa a fannina: Kulman Ghising ya karanci injiniyan lantarki a Jamshedpur ta Indiya, aka ba shi hukumar wutar ƙasar a 2016 lokacin da ake ɗauke wuta har awa 18 a rana a lokacin rani, kafin ƙarshen 2018 an daina ɗauke wuta bisa jadawali. Yanzu da damina har Indiya suke sayar wa wuta. Amma waɗannan 100,000 ɗin da Auwalu ya ambata, nawa ne cikinsu za su komo?

Ku duba lissafi. Babban bankin Nepal ya nuna kuɗin da ke fita don karatu ya haura rufi biliyan 100 na kuɗinsu a shekara. Kuɗin nan daga ina? Gonar gado aka sayar, ko aka jinginar da fili a banki da kuɗin ruwa. Gwamnati ta raini yaro tun daga firamare har aji 12, daidai lokacin da zai fara amfani sai ya tafi ya biya wa Sydney haraji. Ƙidayar Ostireliya ta 2021 ta samu haifaffun Nepal sama da 120,000, kuma mafi yawansu ta ƙofar karatu suka shiga. Kwalejoji a cikin Nepal kuwa suna kukan rashin ɗalibai, wasu ana haɗe su, wasu kwasa-kwasan ana rufewa.

Sadiya:
Yaya Bello ya taɓo inda nake so in yi magana. Ina karatu a Japan, kuma a nan 'yan Nepal su ne na biyu a yawan ɗaliban waje bayan 'yan Sin, sun haura 60,000 a 2024. Amma kalmar ɗalibi ta haɗa mutane iri biyu da ba su da alaƙa.

Akwai waɗanda muke tare a ɗakin bincike. Da tallafin gwamnatin Japan suka zo, suna digiri na biyu ko na uku, da yawansu a kan girgizar ƙasa da zaftarewar tsauni da ginin da zai jure girgiza. Wannan ba abin mamaki ba ne ga ƙasar da girgizar 25 ga Afrilu 2015 ta kashe mata mutum kusan 9,000. Abin da suke koya a nan, gobe za a yi aiki da shi a Kathmandu. Su kam ba wanda zai ce ba su ci riba ba.

Sai kuma mafi rinjaye, 'yan makarantar koyon harshe. Dillali ya shirya masa takardu, ya biya kuɗin shekara guda tun daga gida da bashi. Doka ta ba shi awa 28 na aiki a mako. Akwai wani kanti kusa da masaukina da ba ya rufewa dare da rana, yaron da ke kan kanta da tsakar dare ɗan Nepal ne, ba zai wuce shekara ashirin ba. Littafin haruffan Japananci yana buɗe a gefen na'urar kuɗi, in ba mai saye sai ya sunkuya yana bitar rubutu da yatsa a kan tebur. Da safe ya tafi aji. Wasu a masana'antar shirya abincin kwali suke kwana, a tsaye cikin sanyi, wasu suna gyaran gado a otal. Daga wannan albashin zai biya haya, ya biya makaranta, ya tura wa banki. In ya zarce awa 28 aka gano, ana iya hana shi sabunta biza. Bayan shekara biyu yawanci makarantar koyon sana'a suke shiga, ba jami'a ba. Ina girmama su ƙwarai, amma wannan ci-rani ne da rigar ɗalibta.

Malam Ibrahim:
Sadiya, Allah ya yi miki albarka, kin raba mana zare da abawa. Sai dai ina da tambaya gare ki da Bello. Wannan yaron na kanti, da bai zo Japan ba, ina zai kasance? Ba ɗakin bincike na Tribhuvan zai tafi ba. Qatar ko Malesiya ko Saudiyya zai nufa, kamar ubansa. Ƙidayar Nepal ta 2021 ta nuna mutum sama da miliyan 2 ba sa ƙasar, kuma kuɗin da 'yan ci-rani ke aikowa ya kai kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na arzikin da ƙasar ke samarwa. Fita dai za a yi. To tsakanin wanda ya fita da takardar lebura, wanda in kwantiragi ya ƙare zai komo da ciwon baya ba sana'a, da wanda ya fita ya koyi harshe, ya samu shaidar gyaran mota ko kula da tsofaffi ko kwamfuta, yana da damar ɗauko matarsa, wa ya fi? Ko a matakin ƙasa ɗin nan, ina ganin akwai riba.

Auwalu Doha:
Wallahi Malam haka suke faɗa. Su ba su kallon abin a matsayin digiri, suna kallonsa a matsayin tsani ɗaya sama da inda uban ya tsaya.

Sadiya:
Haka ne Malam, na yarda da wannan. Na ga waɗanda suka haye. A unguwar Shin-Okubo ta Tokyo akwai gidajen abinci da shagunansu birjik, ana sayar da abincin ƙasarsu irin su momo da dal bhat, kuma da yawan masu su da bizar ɗalibi suka shigo. Har makarantar 'ya'yansu suka buɗe a Tokyo tun 2013, ana koyar da harshen Nepal. Abin da ke damuna shi ne waɗanda ba a ba da labarinsu: wanda ya kasa cin jarrabawar harshe, biza ta ƙare, bashi na nan, kunya ta hana shi komawa. Dillali ba ya saka hotonsa a allon talla.

Hajiya Binta:
Ni uwa ce, ta nan zan kalli abin. 'Ya'yana, duk kuna lissafin kuɗi da digiri, ba wanda ya yi lissafin rai. A 7 ga Oktoba 2023 ɗaliban aikin gona 'yan Nepal goma aka kashe a wata gona a kudancin Isra'ila, shirin koyo da samun kuɗi ne ya kai su, ba su daɗe da zuwa ba. An kama ɗaya, Bipin Joshi, sai gawarsa aka dawo da ita a Oktoban 2025. Wasu kuma sun tafi Rasha da sunan karatu suka ƙare a fagen yaƙin Yukren, har gwamnatin Nepal ta fito ta roƙi Rasha ta daina ɗaukar 'yan ƙasarta soja. Mu ma mun ɗanɗana lokacin da aka kwaso namu daga Yukren a 2022 da Sudan a 2023, na san iyayen da ba su runtsa ba. Sannan ƙauyukansu na kan tsauni an ce tsofaffi ne suka rage, gonaki sun zama saura. Babban bikinsu na Dashain, da ake zuwa gaban iyaye su sa wa yara albarka, yanzu ta waya ake yi. Wannan a wane ma'auni za a sa shi?

Dakta Hauwa:
Hajiya, gaskiya kika faɗa, kuma ba ni da amsar da za ta share wannan. Abin da zan ce kawai, a cikin masu fitar nan akwai 'yan mata da yawa, musamman masu karatun jinya a Ostireliya, kuma ga yarinyar da ta fito daga gidan da ba a taɓa samun mace mai albashi ba, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ita ke biya wa ƙannenta makaranta.

Amma ta ɓangaren lafiya ina tare da Injiniya a abu ɗaya. Nepal tana cikin jerin ƙasashen da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce suna da ƙarancin ma'aikatan lafiya, bai kamata a riƙa kwasar musu ba, jerin da mu ma muke ciki. Duk da haka a 2022 sun sa hannu da Birtaniya kan tura ma'aikatan jinya. Asibitin gunduma a yammacin ƙasar yana neman likita, likitan yana shirin jarrabawar Amurka. Abin da suka yi da ya burge ni shi ne, wanda gwamnati ta ɗauki nauyin karatunsa na likita dole ya yi shekara biyu a asibitin gwamnati. Wanda kuma ya karanto a Bangladesh ko Sin sai ya ci jarrabawar majalisar likitocin ƙasar kafin ya taɓa majiyyaci, kuma da yawa suna faɗuwa. Wannan ya nuna ba kowace takardar waje ce ilimi ba.

Injiniya Bello:
To kun gani. Kuma ƙofofin nan ba a buɗe za su dawwama ba. Kanada ta ƙayyade yawan bizar ɗalibai a Janairun 2024. Birtaniya a wannan watan ta hana yawancin masu digiri na biyu zuwa da iyali. Ostireliya ta mayar da kuɗin neman bizar ɗalibi dala 1,600 tasu a Yulin 2024, ta sake ɗagawa zuwa 2,000 a 2025, kuma in an hana ka ba a mayar maka. Aikin ma awa 48 ne a mako biyu. Ƙasar da ta ɗora makomar matasanta a kan dokar shige da ficen wasu, ranar da aka rufe ƙofa ina za ta sa kanta?

Malam Ibrahim:
Bello, ka yi gaskiya a kan ƙofofi, amma ka bar ɗaya da ba ta rufuwa: Indiya. Tun yarjejeniyar 1950 ɗan Nepal yana shiga Indiya ba biza, ya yi karatu, ya yi aiki. Ruit da Ghising duk ta nan suka bi, haka tsohon firaminista Baburam Bhattarai da ya yi digirin digirgir a Delhi. Musulmin Nepal ma, kimanin kashi 5 cikin 100, mafi yawansu a kudu kusa da iyaka, sun daɗe suna tura 'ya'yansu makarantun Indiya da Madina da Azhar.

Game da komowa kuma, ina so ku san Mahabir Pun. Malamin makaranta ne ɗan ƙauyen Nangi a gundumar Myagdi. Ya samu gurbi a Jami'ar Nebraska da ke Kearney a Amurka, ya gama ya tattara ya koma ƙauyen, inda ba waya ba titi. A 2001 ya rubuta wa BBC yana neman shawarar yadda zai kai intanet ƙauyensu. Masu sa kai suka amsa, aka riƙa ɗaura eriya a kan bishiyoyi da ƙololuwar duwatsu har aka jawo sadarwa daga birnin Pokhara. Makiyaya suka samu hanyar cinikin dabbobi, ma'aikatan lafiya na ƙauye suka riƙa magana da likitocin birni. Ya samu Magsaysay, wata babbar lambar yabo ta nahiyar Asiya, a 2007, shekara guda bayan Ruit. Ba digirin kaɗai ya kawo ba, ya kawo sanin wa zai tambaya da yadda zai tambaya. Wannan ma karatun waje ne ke ba da shi.

Injiniya Bello:
Allah ya gafarta Malam, Pun ɗin nan fa shi ne ya riƙa yawo gari-gari yana sayar da littafin tarihin rayuwarsa a bakin titi don ya tara wa cibiyar ƙirƙirarsa kuɗi, saboda gwamnati ba ta ba shi abin da ya nema ba. Wannan hujjata ce, ba taka ba. Wanda ya komo sai ya zama mai taurin rai irin nasa kafin ya yi wani abu. Nepal ba ta yarda da zama ɗan ƙasa biyu ba, wanda ya karɓi fasfon Ostireliya ya rasa nasa, sai dai wata takarda da ke ba shi damar kasuwanci da mallaka ba ta zaɓe ba. Tun da aka kawar da sarauta a 2008 gwamnatoci ke ta faɗuwa, ba wadda ta cika wa'adinta. Kun ga abin da ya faru a Satumban 2025, da aka toshe kafafen sada zumunta matasa suka fito, aka kashe mutane da dama, Firaminista Oli ya sauka, aka ɗora Sushila Karki riƙon ƙwarya. Fushin nan na matasan da suka ga ba abin da ya rage musu sai filin jirgi ne.

Malam Ibrahim:
Kuma a wannan gwamnatin riƙon aka ba Pun ɗin ministan ilimi. Amma na karɓi gyaranka, komowa tana da wuya. Inda muka saɓa shi ne kai kana ɗora laifin a kan fitar, ni ina ɗora shi a kan gidan da ba a gyara ba. Hana su NOC ba zai sa sakamakon jarrabawa ya fito da wuri ba.

Hajiya Binta:
Sadiya 'yata, ke da kike gani da idonki. In uba ya riga ya yanke shawara, ya ce sai ya tura, me za ki ce masa ya duba?

Sadiya:
Hajiya, abu na farko ya san me zai je yi, karatu ko aiki, kada ya yaudari kansa. In karatu ne, ya fi kyau yaro ya gama digirin farko a gida ko a Indiya da kuɗi kaɗan, sannan ya nemi tallafi na digiri na biyu. Waɗanda muke tare da su a ɗakin bincike kusan duk haka suka yi, ba wanda ya sayar da gona, wasu ma daga alawus ɗinsu suke aika wa gida. Ɗan shekara sha takwas da aka ɗora wa bashi tun ranar da ya sauka ba ya samun natsuwar karatu.

In kuma hanyar makarantar harshe ce, to ya koyi harshen sosai tun a Kathmandu kafin ya taso. Wanda ya zo yana jin magana yana samun aikin kanti ko gidan abinci, inda harshensa zai ƙara gogewa. Wanda ya zo ba ya ji, masana'antar dare za a kai shi, inda ba mai yi masa magana, shekara biyu ta wuce bai iya komai ba. Sannan titin Putalisadak da Bagbazar a Kathmandu cike suke da ofisoshin dillalan karatu, bene a kan bene, kuma da yawansu makarantar da suka tura yaro tana ba su la'ada. Saboda haka kada uba ya tsaya a kan maganar dillali. Ya nemi lambar ɗalibin da ke cikin makarantar yanzu, ba wanda dillalin ya zaɓo masa ba, ya tambaye shi nawa ne haya, nawa yake samu a awa 28, nawa ke raguwa bayan kuɗin makaranta. In abin da ya rage bai kai biyan bankin wata ba, kada a jinginar da filin.